Waɗanda suka zauna da Baba Injiniya na Kakuri, ku zo mu tuna shi

Tsohon Ɗan Rini:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya aka yi addu'ar bakwai ta Baba Injiniya, Allah ya jiƙansa ya kyautata makwancinsa. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai na lura 'ya'yansa ba su san rabin abin da ya yi a masaƙa ba, mu kuma ba mu san shi a cikin gida ba. Shi ya sa na ce kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Bari in fara.

Na shiga masaƙa a 1984, lokacin da Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, take Kakuri, in an tashi daga aiki kekuna ba sa barin mota ta wuce. Ni ina sashen rini da bugu, shi yana ɗakin bincike. Da gwamnati ta shigo da SAP, tsarin gyaran tattalin arziki, a 1986, dalar da a da ba ta kai naira ɗaya ba sai ta koma kusan naira huɗu, kayan da muke sayowa daga waje suka gagara. Har da sitacin da ake shafa wa zaren tsaye kafin a ɗora shi a injin saƙa, don kada ya tsinke. Baba ya ce rogo na nan a ƙasa, a gwada nasa. Gwajin farko yadin ya fito da tauri kamar busasshiyar fata, na biyu zaren ya riƙa manne wa juna. Wasu har sun fara ce masa mai dafa koko. Ya yi makonni yana dama sitaci a 'yar tukunya, yana auna kauri da zafi, yana jan zare a ma'auni har ya tsinke, ya rubuta. Ranar da abin ya yi daidai, bai ce wa kowa komai ba, sai dai ya kira ni ya miƙo mini yadin ya ce, "Ƙanena, taɓa ka ji."

Mai Walda na Panteka:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai a nan na ji rasuwar. Ni a rumfata na san shi. Zai zo da ƙarfen inji da ya karye naɗe a buhu, da zane a takarda, kowane haƙori da awonsa. Wasu manyan sukan aiko direba, shi kuwa benci zai ja ya zauna a cikin hayaƙi har mu gama. Sau uku na taɓa lalata masa aiki guda, sau ukun ya biya kuɗin ƙarfe, ya ce kuɗin makaranta ne. Shi ya koya mini auna boris da ma'auni, da can da ido nake yi. Yau yara shida ke cin abinci a rumfar da wannan ilimin.

Ɗalibar Kaduna Poly ta Da:
Allah ya gafarta masa. Amma ku faɗi gaskiya duka, Baba yana da zafi a kan aiki. Na yi wata huɗu a ƙarƙashinsa ina koyon aiki. Lokacin hunturu ne, zare yana ta tsinkewa a sashen kaɗi, ya sa ni rubuta yawan danshin iska duk bayan awa ɗaya. Wata rana na yi nawa, na cike awa biyu da ka. Ya duba takardar kawai ya ce, "Da ƙarfe biyun rana iska ba ta yin haka a Janairu." Ya yaga ta a gabana. Na yi kuka a banɗaki. Washegari ya zaunar da ni ya ba ni auduga a hannu, ya nuna mini yadda take yin gautsi in iska ta bushe, take laushi in ta sha raɓa, shi ya sa ake fesa danshi a ɗakin kaɗi. Shekara talatin ke nan ina aikin gwaji, hannuna bai sake rubuta lambar da idona bai gani ba.

Autar Gida:
Iyayena, na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya da Anti duk abin da kuka rubuta, muna ta share hawaye. Zafin da Anti ɗalibar Poly ta faɗa mun san shi a kan jarrabawa, amma a nan ya tsaya. Baba ba ya cin tuwon dare sai an kirga mu an ga kowa ya dawo. In ya yi aikin dare, da asuba zai shigo da ƙosai a takarda, rigarsa duk burbushin auduga.

Da aka rufe masaƙar ina aji biyu a sakandare. Ya sayar da Peugeot 504 ɗinsa, motar da yake alfahari cewa a nan Kakuri aka harhaɗa ta, ya koma gyaran injin markaɗe da famfon rijiya a unguwa. Ko zango ɗaya ba a taɓa koro mu saboda kuɗin makaranta ba. Sannan Mama ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Shekara uku shi ke yi mata alwala, shi ke juya ta da dare. Keken asibiti ya ƙi shiga ƙofar ɗakinta, sai ya auna ƙofar, ya auna Mama, ya fita. Bayan sati ya dawo da kujera mai tayoyin keke, da madogarar hannu a ɓangaren da ya shanye. A kanta Mama take shan hantsi har Allah ya karɓi abarsa.

Mai Walda na Panteka:
Allahu akbar! 'Yata, ni na yi waldar kujerar nan. Bai taɓa gaya mini ta wace ce ba, cewa ya yi ta wata baiwar Allah ce. Sau biyu ya dawo da ita wai tana ƙara in an tura, kada ta riƙa tayar da mara lafiya daga barci.

Maƙwabcin Bayan Layi:
Shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Famfon masallacinmu bai taɓa kwana a lalace ba. Allah ya sa aljanna ce makoma.

Tsohon Ɗan Rini:
Amin. Auta, waɗannan littattafan da yake rubuta gwaji a ciki, masu baƙin bango, suna nan kuwa?

Autar Gida:
Suna nan, Kawu, cike da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Na buɗe ɗaya ɗazu. Shafin hagu lissafin sitaci ne, na dama kuma awon ƙafafunmu na takalman sallah. Mu ba ma gane lissafin, ko za ka zo ka duba mana?

Tsohon Ɗan Rini:
In sha Allahu ranar Juma'a bayan an sauko. Mai Walda, ka biyo ta gidana mu tafi tare.

Mai Walda na Panteka:
To. Zanen kujerar ma yana wurina, da rubutun hannunsa a kai. Zan taho wa yaran da shi.