Shawarwarin majalisarmu ga mai zuwa Jos

Wani ƙaninmu zai kai iyalinsa hutu Jos, sai ya kawo maganar majalisarmu ta Ƙofar Mata bayan la'asar. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce ya fara da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye mutum-mutumin yumɓu na Nok, wata al'umma ta zamanin da, waɗanda masu haƙar kuza suka tono. A kusa da shi akwai filin gine-ginen gargajiya, har da kwaikwayon ganuwar Kano. Nan aka yi dariya, wani dattijo ya ce, "Yaro, ka bar ta gida ka je kallon kwafi?" Ni dai ina ganin ya je, ko don yara.

Mai ƙarfin gwiwa ya hau duwatsun Shere da sassafe, tare da ɗan gari. Dutsen Riyom kallo ne daga bakin hanya. Ruwan Assop ya fi armashi da damina, amma duwatsun suna da santsi.

An ja masa kunne kan kududdufan kuza: suna da zurfi, kada yara su matsa. Ya tafi da rigar sanyi, kuma ya tambayi lafiyar hanya kafin ya tashi.