Sabuwar mota daga masana'anta zuwa hannun mai saye: ta ina take bi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Wani abu ne ke ɗaure min kai. Za ka ga mota sabuwa fil a wajen dila, ka leƙa mita ka ga kilomita kaɗan ta yi, alhali inda aka ƙera ta can wata uwa duniya ce. Ta yaya ta iso? Farar ledar nan da ake manna wa boneti da rufi kuma ta mece ce?

Tsohon Direba:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Sana'ata ke nan. 'Yan kilomitocin da ka gani na gwaji ne da na hawa da sauka, sauran tafiyar goya ta ake yi. Tirela mai hawa biyu tana ɗaukar takwas zuwa goma, gwargwadon girmansu. Masu lantarki kuwa batirinsu nauyi gare shi, sai ka cika nauyin da doka ta yarda da shi alhali da sauran wuri.

Abin da mutane ba su sani ba, mota ba kasafai take jin ciwo a kan hanya ba. Wajen lodi da sauke kaya ake ƙwarzane ta. Wurin a matse yake, da ƙyar kake buɗe ƙofa ka zame. Shi ya sa muke cire zobe da agogo, mu rufe kan bel ɗin wando. Tayoyi muke ɗaurewa, mu bar jikin motar yana lilo a kan sifirin. Duk inda ta sauya hannu sai an zagaya ta an sa hannu a takarda, don a san wanda zai biya.

Ɗan Reluwe:
Baba ya faɗi gaskiya, amma doguwar tafiya ta jirgin ƙasa ce. A Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na sababbin motoci sai sun hau jirgi. Taragon hawa biyu ne ko uku, kuma rufe su aka koma yi saboda jifa da sata. A shekarun 1970 har a tsaye aka riƙa loda motar Chevrolet Vega, hanci ƙasa, 30 a tarago ɗaya. A Indiya kuma kamfanin motoci na Maruti Suzuki ya ƙaddamar da layin dogo cikin masana'antarsa ta Gujarat a 2024. Farar ledar da aka tambaya kuwa tana kare fenti ne daga ƙurar ƙarfen birki da layin dogo, wadda ke maƙalewa ta yi tsatsa, da kashin tsuntsu.

Tsohon Direba:
Haka ne, ɗana, sai dai jirgi ba ya zuwa ƙofar dila, ƙarshen zangon namu ne. Kai kuma mai tambaya, ranar karɓa ka je da rana tsaka. Duƙa ka duba ƙarƙashin bambar gaba, nan ne ke gogar gadar lodi. Duba rufi. Ka tambaya ko sun cire robobin da wasu kamfanoni ke cusawa a sifirin saboda tafiya, don in aka manta da su motar za ta riƙa dukanka a kowane rami. In ka ga tabo, a rubuta shi kafin ka sa hannu.