Muhawara: shin ƙaramin jirgin ruwa na farauta zai ɗauki inji mai nauyi?

Sarkin Fadama: Assalamu alaikum. Wallahi na gaji da wata magana. Da zarar mutum ya ce zai cire inji mai ƙarfin doki 15 daga jirgin farautarsa na alminiyam mai tsawon ƙafa 14 ya sa mai doki 25, sai a yi masa caa, wai sai dai ya sayi sabon jirgi. Da wane kuɗin? Ni maganata ɗaya ce: ƙaramin jirgi yana ɗaukar inji mai nauyi in an gyara allon bayansa, wato inda ake ɗaura injin, kuma gyaran ko kusa bai kai kuɗin sabon jirgi ba. A cire ruɓaɓɓen katakon da ke cikin allon, a samo filawud na ruwa guda biyu, kowanne mai kaurin milimita 18, a manne su da gam mai ƙarfi na efoksi, a shafe gefunansu da shi don kada ruwa ya shiga, a ɗora farantin alminiyam mai kaurin milimita 6 ta waje, a sa tokari biyu daga allon zuwa ƙasan jirgi. Shi ke nan. Masu hana mutane tsoro ne kawai ke damun su.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Maigida, ka ce "mai nauyi", sannan ka kawo lissafin doki. Nauyi daban, ƙarfi daban. Inji mai bugu biyu, wato wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, na doki 15 yana wajen kilo 35. Mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke cikin kasko daban, na doki 15 ɗin nan dai yakan haura kilo 40, wasu su kai 50. Ka ga ƙarfi ɗaya ne, nauyi ya bambanta. To wanne kake nufi?

Mai Walda: Ai duk ɗaya ne, oga. Duk injin da ya fi ƙarfi ya fi nauyi.

Bakanike: Ba haka ba ne. Akwai kamfanonin da injinsu na doki 15 da na doki 20 gangar jiki ɗaya ce, nauyinsu kusan ɗaya, bambancin yana wajen shigar iska da mai. Wanda ya tashi daga 15 zuwa 20 a irin wannan bai ƙara wa jirginsa kaya ba, turi ya ƙara masa. Wanda kuwa ya bar mai bugu biyu ya koma mai bugu huɗu a doki ɗaya, kaya ya ƙara, turi na nan yadda yake. Nauyi shi ke nutsar da bayan jirgi yana tsaye. Ƙarfi shi ke murɗa allo da kifar da jirgi a kwana. Ciwo biyu ne, maganinsu biyu.

Dattijon Ruwa: Yaro ya faɗi gaskiya, amma kalmar "nauyi" ita ce daidai a nan, domin ita ke kashe mutane. Ƙafar inji ita ce sashen da ke gangarawa cikin ruwa zuwa farfela, kuma allon baya na inji mai gajeriyar ƙafa inci 15 ne, wato kusan santimita 38 daga gindin jirgi zuwa baki, kuma wani sashensa yana cikin ruwa tun ba a tashi ba. Ka ɗora injin doki 25 mai bugu huɗu, wanda yake tsakanin kilo 57 da 70, ka zauna kusa da shi, tanki da batir suna ƙarƙashin ƙafarka. Kana gudu ka saki mai farat ɗaya, igiyar ruwan da ke bin ka a baya ta taso ta haura allon. Ba allon ne ya karye ba, lafiyarsa lau. Ruwa ne ya shigo ta samansa. Filawud da faranti ba sa hana wannan, ƙara nauyi ma suke yi a wurin da bai kamata ba.

Sarkin Fadama: Baba, ni ba ma'anar kalma na zo tambaya ba. Cewa na yi gyaran ya fi sabon jirgi araha.

Bakanike: Ba za a san araharsa ba sai an san abin da ake gyarawa. In ƙarfi kake nufi, akwai lissafinsa. A Amurka doka ta sa a liƙa wa jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba faranti mai nuna iyakar doki da iyakar kaya, kuma ga yadda ake fitar da na doki a jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi: a ninka tsawon jirgi da faɗin allon baya, duka a ƙafa. In abin da ya fito ya haura 52, a raba shi biyu, a cire 15, a ɗaga zuwa biyar ta gaba. Jirgi mai ƙafa 14 da allo mai faɗin ƙafa 4 ya ba da 56. Rabinsa 28, a cire 15 saura 13, a ɗaga zuwa 15. Doki 15 ke nan. Kafin ka ga 25 sai jirgi kamar mai ƙafa 16 da allo ƙafa 4 da rabi. Ka lura, babu kaurin allo a cikin lissafin. Ko ƙarfen jirgin ƙasa ka sa a allon, lambar ba ta motsawa, don tsawo da faɗi ake aunawa.

Mai Walda: Wannan lissafin masu tsoron a kai su kotu ne.

Dattijon Ruwa: Kai ma ka dawo kan tsoro? Mai farautar agwagin ruwa da asuba yake fita, cikin duhu da sanyi, da kaya masu nauyi a jikinsa, da bindiga da harsasai, wani har da kare mai tsalle daga gefe zuwa gefe. Wanda ya ji tsoron ruwa a wannan hali hankali gare shi. A janye wannan kalmar.

Ɗan Bugu Biyu: Ni dai na ga duk matsalar nan mai bugu huɗu ne ya kawo ta. A nemi tsohon mai bugu biyu na doki 25, yana wajen kilo 50, kayan cikinsa kaɗan ne, babu bawul, babu kaskon baƙin mai, ka kwantar da shi ta kowane gefe. Ka haɗa fetur da mai yadda kamfani ya ce, yawanci kashi 50 da 1, wato mililita 500 a lita 25. Magana ta ƙare.

Bakanike: Ba ta ƙare ba. Kilo goman da ka rage a inji kana mayar da shi a fetur, don mai bugu biyu na kabireto ya fi shan mai nesa ba kusa ba, musamman a tafiyar sannu. Kuma hayaƙinsa da ƙararsa su ne abin da mafarauci ba ya so. Fulogi kuma ya yi ta yin baƙi in ana yawan tafiya a hankali.

Ɗan Bugu Biyu: Ku masu bugu huɗu kullum fetur kuke lissafawa, ba kwa lissafa ranar da aka kwantar da shi ta gefen da ba daidai ba, baƙin mai ya gangara cikin silinda, igiyar tayar da shi ta ƙi jawuwa.

Bakanike: Akwai alama a jikinsa da ke nuna gefen da ake kwantarwa. Rashin karatu ba laifin inji ba ne.

Mai Walda: Ku bar wannan. In nauyi ne, maganinsa akwatunan iska. A ƙera guda biyu na alminiyam, a manna su a bayan allon, hagu da dama, a bar wa inji wurin juyawa a tsakiya. Akwati mai tsawon santimita 45, faɗi 30, zurfi 25 yana cin kusan lita 34, kuma kowace lita da ta nutse tana ɗaga kilo ɗaya. Biyu sun kusa kilo 68. Ga nauyin injin ya tafi.

Kafinta: Ɗan'uwa, ka cika lissafi. Kilo 68 ɗin sai akwatunan sun nutse gaba ɗaya, kuma in sun nutse gaba ɗaya ai jirgin ya riga ya shiga uku. Sashen da ke cikin ruwa kaɗai ke ɗagawa, sannan ka cire nauyin su kansu akwatunan. Na biyu, yawancin ƙananan jiragen nan da ribit aka haɗa su, kaurin jikinsu bai kai milimita 2 ba. Ka kai musu wutar walda, ko ta huda su, ko zafi ya sassauta ribit ɗin da ke kusa su fara yoyo, ko ya narka soson hana nutsewa da ke cikin benci. Da noti ake ɗaura su, da man toshewa na ruwa a kowane rami.

Mai Walda: Wanda bai iya waldar alminiyam ba shi ke hudawa. Kuma noti ai rami ne, rami kuwa ƙofar ruwa ce.

Kafinta: Rami mai man toshewa ya fi tsagar da ke fitowa a gefen walda bayan girgizar inji. Tun da an zo nan ma, a ƙara wani abu a kan maganar gyaran allo ta farko. Kada a sa katakon da aka jiƙa da maganin gara a allon alminiyam. Akwai jan ƙarfe a maganin, yana cin alminiyam har ya yi ƙananan huji. Noti kuma a sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, amma a shafa masa man toshewa, a sa washa ta roba tsakaninsa da alminiyam, don in suka haɗu cikin danshi alminiyam ne ke lalacewa. Kuma injin da ya kai wannan girma ba a barin sa a kan maƙallan hannu biyu kaɗai. A huda allo a ɗaure shi da noti, da manyan washa ta ciki.

Sarkin Fadama: To ai ga shi kun dawo kan gyaran allo da na faɗa.

Dattijon Ruwa: Ba mu dawo ba. Ga abin da ba ya cin ko sisi. Kafin a sayi komai, a sa jirgin a ruwa marar zurfi da tsohon injinsa. In sabon ya fi shi da kilo 25, a cika jarka mai lita 25 da ruwa a ɗaure ta a kan allon, matuƙi ya zauna inda ya saba, a loda duk kayan farauta. A auna abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin allo. Sannan a mayar da tanki da batir gaba a sake aunawa. Fetur lita 25 ya kai kilo 18, batir ma yana wajen haka. Sai dai in batir ya yi nisa a sa waya mai kauri, in ba haka ba sitata ba za ta juya da kyau ba. A ƙara wa hannun tuƙi tsawo, matuƙi ya matsa tsakiya.

Ɗan Bugu Biyu: Mai bugu biyu na igiya ba ya ma buƙatar batir.

Bakanike: Mai bugu huɗu na igiya ma akwai shi.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, an yi nisa, bari in tattara. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda cewa nauyi ne matsalar, kuma hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya nemi mai bugu biyu, tunda shi ne marar nauyi, ya gyara allo kamar yadda Sarkin Fadama ya kawo, ya mayar da tanki gaba. Maganar lissafin doki ra'ayi ne na mutum ɗaya. Akwatunan iska kuma ba a daidaita a kansu ba.

Bakanike: Ranka ya daɗe, ba a yi mini adalci ba. Lissafin ba ra'ayina ba ne, kuma mutum ɗaya ne ya goyi bayan mai bugu biyu, sai kai na biyu. Doki 25 a jirgin da iyakarsa 15 ya wuce iyaka ko da bugu nawa yake yi. Sannan ba wanda ya taɓo tsawon ƙafar inji. A injinan doki 25 akwai masu doguwar ƙafa, inci 20. Ka sa ta a allon inci 15, farfela ta nutse inci 5 fiye da ƙima, ta yi ta dukan kututture da ciyawa a ruwa marar zurfi, hancin jirgi ya ɗaga sama. Farantin da ke saman farfela daidai da gindin jirgi ake so ya tsaya. Wanda ya riga ya sayi doguwar ƙafa sai ya ɗaga allon da inci 5, kuma ya sa igiyar kashe inji a wuyan hannunsa tun daga gwajin farko.