Dogaye da masu jiki: yaya kuke haɗa kayan tafiya?

Dogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son mu tattauna abin da ya shafe mu, mu da Allah ya ba tsawo ko jiki, ko duka biyun. Kamfanonin jirgi galibi kilo 23 suke ba kowa a akwati, jakar hannu kuma kilo 7 zuwa 10, babu ruwansu da ko rigarka M ce ko 4XL. Alhali wandon jins ɗina guda ya kusa kilo, takalmina lamba 48 kuwa shi kaɗai yake cinye gefe guda na akwati. Shawarar da ake ba matafiya, wai ka ɗauki kaɗan ka sayi sauran a can, ba da mu ake ba. Tsawona ya haura santimita 195, kuma yawancin kantuna a inci 32 ko 34 suke tsayawa wajen tsawon ƙafar wando, ni kuwa 36 nake sawa. Akwai tafiyar aiki a gabana, da taro, da zirga-zirga, garin kuma ana sanyi. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi.

Matafiyi:
Wa alaikumus salam, Yaya Dogo. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane kaya kafin in san inda zan sa shi: in ya ɓata, zan samu madadinsa a inda za ni? Man goge baki, caja, safa, hula, duk ana samu. Wando mai ƙugu 46 da takalmin da ya yi min daidai ba a samu. To, waɗanda ba a samu, ko dai suna jikina ko suna jakar hannu.

An taɓa barin akwatunanmu a filin jirgin da muka yada zango, ni da abokin aikina mai matsakaicin jiki. Shi kanti na farko ya shiga ya fito da riga da wando. Ni na bi layin kantunan kaf, riga ɗaya na samu da ƙyar, ita ma ba ta rufe bel ba, wando kuwa babu. Abin da ya rufa min asiri shi ne riga biyu, wando ɗaya da kayan ciki da ke jakar hannuna, da su na shiga taro har akwatin ya iso. In haka ta same ka, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar rahoton kaya da ake kira PIR, kuma ka adana rasit na duk abin da ka saya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi sufurin jirgin sama tsakanin ƙasashe, ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkirin kaya ya jawo, in kuma aka kwana 21 bai iso ba ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. Sai dai kuɗin diyya ba zai samar maka da wando a garin da babu irinsa ba.

Malam Tela:
Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ata. Dogo daban, mai jiki daban, kuma a nan mutane da yawa ke shan wahala. Dogo siriri in ya sayi 3XL don neman tsawo, faɗi zai samu, rigar ta yi masa buhu, hannun kuma yana nan a ɗangale. Wadda ta dace da shi ita ce mai harafin T a ƙarshe, kamar XLT ko 2XLT, ita ce ake ƙara wa wajen inci 2 a jiki, a kuma tsawaita hannu.

Kafin tafiya ka je a auna ka: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, ƙugu, cinya, tsawon ƙafa. Ka rubuta a waya da inci da santimita duka, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Dalili shi ne harafin da ke wuyan riga ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. XL ta Amurka ta fi XL ta Sin ko Japan girma nesa ba kusa ba, a Japan ma LL da 3L da 4L za ka gani. Kwat mai lamba 46 a Ingila ko Amurka ita ce 56 a Jamus da Italiya, goma ake ƙarawa. In kana da awonka da ƙaramin tef a aljihu, sai ka auna rigar da kanka ka huta da gardama da mai kanti.

Sannan ka kai wandunan da za ka tafi da su a bi hantsarsu da ɗinki na biyu, a ƙara wa maɓallai zare. Duk wandon mai jiki da aka kawo min gyara bayan tafiya, a hantsa ko bayan wando ya yage, saboda doguwar zama da sunkuyawa a ɗaga akwati. Yadin da aka saka da ɗan roba a ciki, ko kashi 2 cikin ɗari ne, ya fi jure wannan.

Uwargida:
Ni nake haɗa wa maigidana kaya, dogo ne kuma yana da jiki. Launi uku kawai nake zaɓa, baƙi, ruwan toka da shuɗi mai duhu, yadda kowace riga za ta shiga da kowane wando. Wando uku da riga biyar sun ishe shi mako guda har da ɗoriya. Riguna masu laushi da kayan ciki naɗe su nake yi kamar tabarma, safa kuma in cusa cikin takalmi, tunda takalmi babba shi ma wuri ne. Bel ba na naɗe shi, ina zagaya shi ta bangon akwatin.

Abin da nake son ku kiyaye shi ne wankin otal. Injin busar da kaya mai zafi yana tsuke auduga, kuma ta tsawo ya fi ci. An taɓa dawo masa da riguna biyu, faɗin yana nan, amma hannu ya haye sama da agogo. Wani zai iya haƙuri da haka, dogo kuwa rigar ta tashi daga aiki. Yanzu a takardar wanki yake rubuta cewa a wanke da ruwan sanyi, a shanya, kada a sa a injin busarwa.

Giwa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma riga biyar ba za ta kai ni mako ba. Ni mai yawan gumi ne, ko a garin sanyi ina shiga ɗaki mai na'urar ɗumama sai zufa ta karyo. Na yarda a rage wando da takalmi, amma singileti da gajeren wando na ciki ba na rage su, biyu nake lissafa wa kowace rana. Ba su da nauyi, kuma su ne suke kare rigar sama.

Akwai kuma abin da maza ba su cika faɗa ba, wato gogar cinya. Tafiya daga wannan ƙofar jirgi zuwa waccan kaɗai ta isa fata ta sale, washegari tafiya ta gagara. Gajeren wando na ciki mai dogon ƙafa, wanda ya kama cinya ya kusa gwiwa, shi ne maganin da na samu, sai man shafawa a ƙaramar kwalba da ba ta wuce mililita 100 ba don a bar ka ka shiga da ita jirgi. Riga mai leda-leda tana saurin bushewa amma tana riƙe wari. Siririn ulun tumakin da ake kira merino ba ya haka, ina iya maimaita shi, in na wanke da dare kuma zuwa safe ya bushe.

Uwargida:
Gaskiyarka Malam Giwa, jiki ya bambanta. Zan ƙara masa kayan ciki ni ma.

Ɗan Kwando:
Maganar takalmi, Yaya Dogo: 48 ta Turai ita ce wajen 13 ta Ingila, 14 ta Amurka. Ka riƙe duka ukun a ka. Ni biyu nake ɗauka, mai nauyin a ƙafa, ɗayan a jaka, sai silifas nawa na kaina, don na otal ko rabin tafin ƙafata ba ya rufewa. Kuma kada ka fara sa sabon takalmi ranar tafiya.

Ma'aikaciyar Jirgi:
Ina ganin fasinjoji irinku kullum, ga abin da na lura. Faɗin kujera a sashen gama-gari inci 17 zuwa 18 ne, tazarar da ke tsakanin layi da layi kuma 28 zuwa 32. Daidai ne ka shigo da rigar sanyinka mai nauyi a jiki don ka rage kilo, amma da ka iso kujera ka cire ta ka sa a sama. Wando mai manyan aljihu a cinya da aka cika da waya da walat yana cinye ɗan wurin da ya rage maka. Wando mai roba a ƙugu ko tazuge ya fi, ba ya datse ciki, ba kuma sai ka cire bel a wurin bincike ba.

In bel ɗin kujera bai kai ba, ka gaya mana tun kana shigowa, za mu miƙo maka ƙari cikin sirri, aikinmu ne. Sai dai ku sani, kamfanoni da yawa ba sa barin mai amfani da ƙarin bel ya zauna a layin ƙofar gaggawa, duk da nan ne ƙafa ke samun sarari. Ka tambaya kafin ka biya kuɗin kujerar.

Sai maganar lafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya kusan sau biyu, ta kuma ambaci masu ƙiba da waɗanda tsawonsu ya wuce mita 1.9 cikin waɗanda abin ya fi shafa. Safar matse ƙafa tana taimakawa, amma da awon idon sawu da sha-raɓa ake sayenta, ba da lambar takalmi ba, kuma in ta yi gajarta ta naɗe a ƙarƙashin gwiwa ta zama illa. Mai ciwon suga ko matsalar jijiyoyin jini ya fara jin ta bakin likita. Ƙafa tana kumbura a sama, don haka takalmi mai igiya da za ka iya sassautawa ya fi sau-ciki.

Dogo:
Na gode ƙwarai, jama'a. Saura kwat ɗin taro. Jakar rataye kwat da nake da ita ta yi masa gajarta, ƙasan yana lanƙwashewa. Malam Tela, yaya zan yi?

Malam Tela:
Bar jakar a gida, Yaya Dogo. Juya kafaɗa ɗaya ciki ya koma waje, ka cusa ɗaya kafaɗar a cikinta yadda shafin ciki ne zai kasance a waje. Ka sa naɗaɗɗiyar riga mai laushi a tsakiya, ka ninke kwat ɗin sau ɗaya a kanta, don kada layin ninki ya fito. Shi za ka sa ƙarshe a saman jakar hannu. Da ka sauka ka rataye shi a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai warware yamutsewar. In marataya ta otal ta yi wa kafaɗarsa kaɗan, naɗa mata tawul a kowane gefe kafin ka ɗora.