Yaya zan haɗa Google Sheets da Trello ba tare da rubuta manhaja ba?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Odar kwastomomi tana shigowa ta Google Forms ta sauka a Sheets. So nake kowace oda ta zama kati da kanta a Trello, manhajar tsara ayyuka a kan katuna. Ta ina zan fara?

Bakatsine: Wa alaikumus salam Hajiya. Buɗe Zapier, shafin da ke haɗa manhajoji su yi aiki tare, ki ƙirƙiri sabon Zap, wato haɗin da zai riƙa yi miki aikin da kansa. A matakin farko zaɓi Google Sheets da New Spreadsheet Row, na biyu kuma Trello da Create Card. Sai ki nuna masa ginshiƙin da zai zama sunan kati, da wanda zai zama ranar kammalawa. Jeren farko na takardar Sheets ɗin dole ya ƙunshi sunayen ginshiƙai, da su yake gane komai. Tsarin kyauta aiki 100 ne a wata, kuma yakan ɗauki wasu mintuna kafin kati ya fito, don haka kada ki ga shiru ki ce ya lalace.

Na Zariya: Inda ake yawan shan wuya shi ne goge layi ko sake jera su alhali Zap yana kunne. Sai ya tsallake wata odar ko ya maimaita kati. Ki kashe shi tukuna, ki yi gyaran, sannan ki kunna. Kwanan wata ma tarko ne: 03/04 kina nufin 3 ga Afrilu, shi ya ɗauka 4 ga Maris, irin rubutun Amurka. Ki riƙa rubuta 2025-04-03.

Bakatsine: Haka ne Malam. In odar ta haura 100 kuma, ta gwada Make, wani shafi ne irin Zapier, kyautarsa ta fi yawa, sai dai saitinsa ya fi wuyar sha'ani.