Tambaya: Yaya zan ɗore da zanen kullum, kuma ta yaya ake musayar ƙananan katunan zane?

Maman Sadiya, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar zane da masu sha'awarta. Ni malamar firamare ce, kuma na fi shekara biyu ina koyon zane da fentin ruwa a gida ba tare da na taɓa zama a ajin kowa ba. A farkon watan jiya na ɗaukar wa kaina alkawarin yin zane ɗaya kowace rana har kwana 30, bayan na ga wasu suna yin haka a Instagram. Kwana goman farko sun tafi lafiya lau, domin na zana butar alwala, da ƙwaryar fura da ludayinta, da wani busasshen ganyen mangwaro da iska ta jefo mana tsakar gida. A rana ta 11 aka yi rasuwa a maƙwabtanmu, na yi kwana uku ban taɓa burushi ba, kuma da na dawo sai na ce bari in biya bashin zane ukun a dare ɗaya, duka ukun suka lalace. Tun daga ranar ban sake buɗe akwatin fentin ba.

Ina amfani da cikakkiyar takarda mai girman A4, kowane zane yana cin kusan awa biyu, kuma ba na samun zama sai bayan sallar isha'i idan yara sun kwanta. Shin in sake lissafi daga farko ne, ko in ci gaba daga inda na tsaya? Sannan wata ƙawata da ke aure a Maraɗi ta ba ni shawarar mu riƙa musayar zane, ta aiko mini nata in aika mata nawa, amma ni ban san girman da ake yi ba, balle yadda za a aika takarda mai fenti ta isa ba ta lanƙwashe ba.

Malam Mai-Burushi, Kaduna

Wa alaikumus salam Malama. A ganina ba naci kika rasa ba, takardar ce ta yi miki girma, kuma tambayoyinki biyun amsarsu ɗaya ce. Wanda yake koyarwa da safe, ya yi hidimar gida da yamma, ba zai iya ware awa biyu kowane dare har wata guda ba, ko da ba a yi rasuwa ba. Mutumin da ake yawan dangantawa da yaɗa wannan al'ada ta zane ɗaya a rana, wato Duane Keiser na jihar Bajiniya a Amurka, ya fara sa nasa a intanet a 2004, kuma zanensa bai wuce girman katin gaisuwa ba. Abubuwan da yake zanawa ma na gaban ido ne, kamar ƙwai ko 'ya'yan itace a kan tebur. Ƙwararre ne da ya yi shekaru yana aikin, amma duk da haka ya ƙanƙanta fili domin ya iya gamawa a zama ɗaya.

Musayar da ƙawarki take magana a kai tana da tsari da aka sani. Wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, M. Vänçi Stirnemann, shi ya assasa ta a birnin Zurich a 1997, lokacin da ya baje kolin ƙananan katuna 1,200 da ya yi da hannunsa, sannan ya gayyaci mutane su yi nasu su kawo a yi ba-ni-in-ba-ka. Ƙa'idojin ba su da yawa. Girman katin inci biyu da rabi ne a faɗi, inci uku da rabi a tsawo, wato santimita 6.4 da 8.9, kusan kamar katin karta. Ba a sayar da shi, musanya shi ake yi. A bayansa kuma ana rubuta sunan mai zanen da kwanan wata da sunan da aka raɗa wa zanen. Abin da za a yi amfani da shi ba a ƙayyade ba, ko fenti ne, ko tawada, ko ɗinki, ko manna guntayen atamfa.

Ki ɗauki takardar A4 ɗin nan taki da rula da reza, za ki fitar da kati tara daga cikinta, uku a jere sau uku, har a sami ragowa a gefe ta gwada launi. Kati ɗaya minti 15 zuwa 20 ya ishe shi. Ni ina yanka nawa ranar Lahadi in zuba su cikin tsohon gwangwanin alewa tare da burushi ɗaya, saboda na lura cewa neman kayan aiki da daddare ya fi zanen kansa kashe mini jiki. Game da lissafi kuwa, ki ci gaba daga 11, kuma ki daina kiran ranakun da suka wuce bashi, tunda ba wanda ya ranta miki su.

Ɗan Zayyana, Kano

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ƙara abin da ya shafi kayan aiki, domin katin da za a ba wani dole ya fi wanda za a ajiye a aljihun tebur ƙarko. Idan takardar siririya ce irin ta kwafi, da ruwa ya taɓa ta za ta kumbura ta yi tudu da kwari, kuma a ƙaramin kati abin ya fi muni. A nemi takardar fentin ruwa mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, in ba a samu ba a yi zanen a wadda ake da ita, a bari ya bushe sarai, sannan a manna shi a jikin kwali mai kauri, a danne da littafi ya kwana.

Ni daga zayyanar allo na shigo wannan harka, don haka haɗa launi da hannu ba baƙon abu ba ne a wurina. Mutane da yawa ba su san cewa ƙaron da muke zubawa a tawada shi ne abin da ke riƙe fentin ruwan da ake shigo mana da shi da tsada ba. Daga Sudan da Chadi da jihohinmu irin su Yobe da Borno da Jigawa ake fitar da shi. Idan kika samo jar ƙasa, kika jiƙa ta, kika tace da tsumma mai laushi har sau biyu, kika bar lallausar ta kwanta, sai ki zubar da ruwan sama ki cuɗa ta da jiƙaƙƙen ƙaro da ɗigon zuma. Zumar ce take hana fentin ƙeƙashewa ya tsattsage, abin da ke da amfani ƙwarai a hunturu, lokacin da launi yake bushewa a bakin burushi kafin ya kai takarda. Amma kada a cika ta, domin da damina katin zai riƙa danƙo, kiyashi kuma ba su da kunya. Jar ƙasa ba ta koɗewa. Zoɓo kuwa, duk da kyawunsa a kofi, yana taɓa takarda yake juyewa zuwa shuɗi-shuɗi, kuma bayan 'yan watanni sai ya dusashe. Na taɓa ba wani abokina kati mai furen da na yi da shi, da na ziyarce shi bayan sallah sai na tarar da furen ya koma kamar tabon shayi. Tawadar gawayi da ƙaro ita ma tana narkewa idan ruwa ya bi ta kanta, don haka a sa ta daga ƙarshe.

Wajen aikawa, a sa kowane kati a ƙaramar leda, a haɗa su tsakanin kwali biyu, a ɗaure da salatif kafin a zura a ambulan. Idan ta tashar mota za a bayar, a tuna cewa direba yana iya cusa ambulan ɗin a aljihu ko ƙarƙashin kujera, kwalin nan ne kaɗai zai cece shi.

Hajiya Mai-Lalle, Jos

Ƙanwata Maman Sadiya, ni ban cika yarda da wannan ƙidayar kwanaki ba, ko da yake ban musa cewa hannu yana faɗawa da yawan yi ba. Na shiga Inktober sau biyu, wato gasar kai da kai da Jake Parker ya fara a 2009, inda ake yin zanen tawada 31 a watan Oktoba. A karo na farko na kammala, amma da na zauna na duba su sai na ga rabinsu na yi su ne don kada a ce na tsallake rana, kuma lokacin da na ɓata wajen ɗaukar hoto da duba waɗanda suka yaba ya kusa kai na zanen. Su kansu masu shirya abin sun ba da damar a yi kwana ɗaya a tsallake ɗaya, ko ma sau ɗaya a mako. Abin da ya dawo mini da daɗin zane shi ne sanin cewa akwai mutum guda da zai riƙe katin a hannunsa. Idan na san mai karɓa tana kewar gida, sai in zana mata dutsen unguwarsu ko kwandon dankalin Turawa, kuma ba na jin nauyin zaman ko kaɗan.

Sai dai musaya tana buƙatar amana, kuma na ɗanɗana rashinta. Na taɓa shiga wata ta mutum bakwai, na yi kati shida na aika, uku kawai suka dawo mini, ɗaya daga ciki ma hoton zane ne aka buga a inji aka yanka. Idan za ku wuce ku biyu, ku naɗa mutum ɗaya da zai tattara katunan kowa kafin a raba, wanda nasa bai iso ba a ranar da aka sa sai a mayar da shi zagaye na gaba. Ku kuma daidaita a kan jigo tun farko. A cikinmu akwai waɗanda ba sa zana abu mai rai, don haka jigo irin su ƙofar gida, ko kayan kicin, ko dagi, ko adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da kike gani kullum, ya fi haɗa kan kowa. Kada kuma sabon shiga ya ji kunyar ba ƙwararre katinsa, domin a wannan tsari kati ɗaya a bakin kati ɗaya yake.

Maman Sadiya, Zariya

Na gode ƙwarai Malam da Hajiya da ɗan'uwana na Kano, Allah ya saka da alheri. Ranar Lahadi na yanka tara kamar yadda Malam ya ce, ko da yake biyu sun karkace saboda rezar ta dakushe. Zuwa yau na cika huɗu, na rubuta 11 a bayan na farkon, kuma na ƙarshen, wato murfin tukunyar miya da hasken fitila a jikinsa, na yi shi ne kafin ruwan wankan yara ya yi zafi. Na yi waya da ƙawata ta Maraɗi mun tsayar da jigon ƙofar gida, kati uku-uku, kuma ƙanen mijinta da ke zuwa Katsina kowane mako zai karɓa mana. Idan akwai mai son shiga, muna da gurbin mutum biyu, kuma zan so Hajiya ta zama mai tattarawa in ba za mu takura mata ba. Ɗan Zayyana, don Allah zumar nan ɗigo nawa ake sa wa cokali ɗaya na ƙaro?