Nasara a wasan hurling da yawan 'yan wasa: abin da aka shawarta

A wata tattaunawa kan ko gundumomi masu yawan mutane ne suka fi cin kofi, masu tattaunawar sun yarda cewa yawan jama'ar gunduma kaɗai ba ya bayyana nasararta a hurling, wasan sanda da ƙaramar ƙwallo na ƙasar Ailan. Kilkenny, mai mutane dubu ɗari da 'yan kai, ta ci kofin ƙasa sau 36, alhali Dublin, mai fiye da miliyan guda, sau 6 kacal ta ci, kuma rabonta da shi tun 1938.

Shawara mafi ƙarfi ita ce a ƙidaya waɗanda suke riƙe sanda a kulob da makarantu, domin a Kilkenny yaro yakan tafi makaranta da sandarsa a hannu, kuma ƙwallon Gaelic, wato wasan ƙwallon ƙafa na gargajiyar Ailan, ba ta raba hankalin matasa, saɓanin Cork, wadda take da kofi 30 duk da cewa wasannin biyu suna rige-rigen 'yan wasa a can. A ganina wannan ce hujjar da ta fi nauyi.

An kuma ja hankali kada a cuɗa zamani da zamani, domin Offaly, ƙaramar gunduma, ta tara kofunanta 4 ne tsakanin 1981 da 1998 kawai.